Hancin Lantarki: Yadda Yanar Kuza Take Gano Yoyon Gas Kafin Ya Kama Wuta

Gabatarwa

Duk wanda ya san unguwar Tudun Wada ta Kaduna shekaru talatin da suka wuce ya san cewa itace da gawayi da kananzir su ne abin girkin yawancin gidaje. Yau kuwa da wuya mutum ya bi layi biyu ko uku bai ga tukunyar gas ba, ko a ɗakin girki, ko a rumfar mai shayi, ko a bayan babur ana kai ta wurin ɗuri. Wannan canji ya game ƙasa baki ɗaya. A shekarar 2007, lokacin da kamfanin NLNG ya fara ware wa kasuwar cikin gida gas ɗin girki, abin da Nijeriya take ƙonawa a shekara bai kai tan dubu 100 ba. A shekarar 2020 ya haura tan miliyan ɗaya. Gas ya rage wa mata shan hayaƙi, ya kuma rage sarar itatuwa, amma ya shigo da wani haɗari wanda itace ba shi da shi, watau yana iya cika ɗaki ba tare da ido ya gan shi ba.

Mutanen Kaduna sun ga misalin wannan haɗari ranar Asabar, 4 ga Janairu, 2020, sa'ad da gas ya fashe a wani shagon ɗuri a Sabon Tasha, wutar ta cinye shagunan da ke maƙwabtaka da shi. Aƙalla mutum biyar suka rasu, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, masanin fiziks kuma shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya a lokacin. Cikin kwanakin da suka biyo baya gwamnatin jihar ta ba da umarnin rufe shagunan ɗurin gas da ke tsakiyar gidajen jama'a.

Doka tana iya nisanta shago daga gidaje, amma tukunyar da ke ɗakin girki tana nan inda take. Saboda haka ne masana kimiyya suka daɗe suna neman na'urar da za ta sansano gas tun yana kaɗan, ta yi kururuwa kafin ya kai ga kamawa. Wannan maƙala tana bayani ne a kan na'urar da ta fi kowace yaɗuwa a gidaje, wadda ginshiƙinta wani sinadari ne da ƙasar Jos ta shahara da shi, watau kuza.

Halin gas ɗin girki

Abin da ke cikin tukunya haɗin sinadarai biyu ne, furofen da butan, waɗanda ake samu daga tace ɗanyen mai ko daga gas ɗin da ke fitowa daga rijiyoyin mai. An matse su har suka zama ruwa, shi ya sa in an girgiza tukunya ake jin motsi a ciki. Da zarar ruwan ya sami kafa sai ya koma iska, kuma lita ɗaya ta ruwan takan zama kimanin lita 250 ta iska. Wannan kumburi shi ya sa ba a cika tukunya fal. Ana barin wajen kashi 20 cikin 100 na cikinta babu ruwa, domin zafin rana yana ƙara matsin da ke ciki.

Gas ba ya kama wuta sai ya gauraya da iska daidai gwargwado. In ya yi kaɗan ainun, ko an kyasta ashana ba zai kama ba. In kuma ya yi yawa har ya kore iskar oksijin, nan ma ba zai kama ba. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu ne haɗari yake. Ga butan, iyakar ƙasa ita ce kashi 1.8 cikin 100 na iskar wuri, ta sama kuwa kashi 8.4. Ga furofen, daga kashi 2.1 zuwa 9.5. Iskar metan, wadda ake turawa ta bututu kuma ake matsawa a tankin motoci, tana kamawa daga kashi 5 zuwa 15. Asitilin, wanda masu walda a wurare irin su kasuwar Panteka suke samu ta hanyar zuba wa kabayid ruwa, ya fi su duka sauƙin kamawa, domin yana farawa daga kashi 2.5 ya wuce kashi 80.

Ɗalibi yana iya auna girman wannan lamari da lissafi mai sauƙi. A ɗauki ɗakin girki mai tsawon mita 3, faɗin mita 3, tsayin mita 3. Iskar da ke cikinsa lita 27,000 ce. Kashi 2 cikin 100 na wannan shi ne lita 540, kuma nauyin lita 540 na iskar butan bai fi kilo ɗaya da ɗan ɗoriya ba. Ke nan kashi ɗaya cikin goma na tukunya mai kilo 12.5 ya isa ya mai da ɗakin gaba ɗaya abin fashewa. A zahiri ma ba sai ya kai haka ba, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi da ninki ɗaya da rabi zuwa biyu. Yakan kwanta a ƙasa kamar ruwa, ya taru a ƙarƙashin tebur, ya bi ta ƙasan ƙofa, ya gangara kwata. A can ƙasa yana iya kai kashi 2 alhali mutumin da ke tsaye bai ji komai ba. Abin da ya rage kawai shi ne tartsatsi, kuma ɗan tartsatsin da ke cikin makunnin fitila ko injin firiji ya wadatar.

Me ya sa hancin mutum bai isa ba?

Furofen da butan da metan, in tsantsarsu ne, kusan ba su da wari. Warin nan mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai da ake ji zuba shi ake yi da gangan; wani sinadari ne mai farar wuta a cikinsa, ana kiransa makaftan. Wani babban bala'i ne ya sa dokar zuba shi ta yaɗu. Ranar 18 ga Maris, 1937, gas marar wari ya taru a ƙarƙashin ginin wata makaranta a garin New London na jihar Texas a Amurka. Tartsatsi daga wani injin aikin kafinta ya kunna shi, ɗalibai da malamai kusan 300 suka rasu. A cikin shekarar jihar ta kafa dokar sanya wa gas wari, wasu wurare suka bi sawu.

Wari ya ceci rayuka masu yawa, sai dai yana da iyaka. Hanci yakan saba da wari bayan 'yan mintuna har mutum ya daina jinsa. Mai mura ba ya ji sosai, tsufa yana rage jin wari, kuma annobar korona ta nuna cewa cuta tana iya ɗauke shi gaba ɗaya. Mai barci ba lalle ne wari ya tashe shi ba. Bugu da ƙari, tsatsar da ke cikin tukunya ko bututu tana iya cinye sinadarin warin, gas ya fito da ƙarancin wari. Kuma ɗakin da aka kulle aka tafi kasuwa ba shi da hancin da zai ji. Ana bukatar mai gadi wanda ba ya barci, ba ya mura, ba ya kuma sabawa.

Daga tsuntsun kanari zuwa Taguchi

Mahaƙan kwal ne suka fara fuskantar wannan matsala, domin metan yakan fito daga jikin kwal ya taru a rami. A shekarar 1815 Humphry Davy na Ingila ya ƙera fitila mai ragar waya wadda harshenta ba ya kunna gas ɗin da ke waje, kuma in metan yana wurin sai kamannin harshen ya canja. A ƙarshen ƙarni na 19 John Scott Haldane ya ba da shawarar shiga rami da ƙananan dabbobi don gano iska mai guba, daga nan tsuntsun kanari ya zama abokin aikin mahaƙa, ba a sallame shi daga ramukan Birtaniya ba sai a 1986.

Hanyar lantarki ta faro ne daga ɗakunan binciken turanzista. A 1953 Walter Brattain da John Bardeen suka nuna cewa iskar da ke kewaye da sinadarin jamaniyom tana canja halin lantarkin fuskarsa. Ga masu ƙera turanzista wannan damuwa ce, amma wasu sun hango amfani a ciki. A 1962 Tetsuro Seiyama da abokan aikinsa a Jami'ar Kyushu ta Japan suka wallafa cewa shafe marar kauri na oksayid ɗin tutiya, in an zafafa shi, yana iya nuna kasancewar gas a cikin iska. A wannan shekara kuma wani mai ƙirƙira, Naoyoshi Taguchi, wanda labarin fashewar furofen a yankin tafkin Yamanaka ya tayar wa hankali, ya nemi rajistar na'ura mai amfani da oksayid ɗin kuza. Ya shafe shekaru yana gwaji kafin ta shiga kasuwa a 1968, sa'an nan aka kafa kamfanin Figaro a 1969. Har yau na'urorin kamfanin suna ɗauke da harufan TGS, kuma harafin farko na sunan Taguchi ne.

Mene ne oksayid, mece ce yana?

Idan ƙarfe ya haɗu da oksijin, abin da ke fitowa shi ake kira oksayid. Tsatsar da ke cin kwanon rufi oksayid ɗin baƙin ƙarfe ce. Oksayid ɗin kuza, wanda masana ke rubutawa SnO₂, ƙwayar zarra ɗaya ce ta ƙarfen kuza da biyu na oksijin. Wannan sinadari shi ne ainihin baƙin yashin nan mai nauyi da ake wankewa a ramukan Jos da Bukuru. Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Riruwai, a kudancin jihar Kano ta yanzu, suna narka shi su fitar da ƙarfen a siraran sanduna don fatauci. Daga farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka mamaye haƙar, har aka shimfiɗa layin dogo daga Zariya zuwa Bukuru wanda aka gama a 1914 domin kwasar kuza. Abin da na'ura take bukata sinadari ɗaya ne da wannan, sai dai an tace shi ƙwarai, kuma abin da ke cikin na'ura guda bai kai ƙwayar gero nauyi ba.

Ta fuskar lantarki, abubuwa iri uku ne. Akwai masu barin lantarki ya wuce a sauƙaƙe, kamar wayar tagulla. Akwai masu hana shi, kamar roba da gilashi. Akwai kuma na tsakiya, waɗanda ake kira semikondakta, masu barin ya wuce gwargwadon hali. Oksayid ɗin kuza yana cikin na uku. A cikin jikinsa akwai gurabun da oksijin ya kamata ya zauna amma babu shi, kuma kowane gurbi yakan saki ilektoron masu yawo, watau ƙananan ƙwayoyin da tafiyarsu ita ce lantarki.

Yana kuwa, kowa ya san wadda take kwantawa a saman kunu ko madara in sun huce. Masana suna shimfiɗa oksayid a kan gilashi ko tangaran ko silikon kamar wannan yana, sai dai rashin kaurinta ya wuce misali. Ana auna ta da nanomita, watau kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Kaurin gashin mutum yakan kai wajen nanomita 70,000, yanar oksayid kuwa tana iya zama nanomita 100. Sai an jera irinta 700, wata kan wata, kafin a kai kaurin gashi ɗaya. Na'urorin Taguchi na farko dunƙulen garin oksayid ne da aka gasa kamar tukunyar ƙasa, kuma da yawa daga na'urori masu araha na yau shafe ne mai ɗan kauri. Yana marar kauri ita ce matakin da ya biyo baya, amma ƙa'idar aikinsu duka ɗaya ce.

Yadda na'urar take sansano gas

A ƙarƙashin yanar akwai wata siririyar waya mai zafi, irin ta dutsen guga, wadda take riƙe ta a zafin digiri 200 zuwa 400 a ma'aunin Selshiyos. A gefunanta biyu akwai sandunan lantarki da ke auna turjiya, watau irin wahalar da lantarki yake sha kafin ya ratsa ta. Yanar kanta, in an dube ta da madubin ƙara girma mai ƙarfi, tarin ƙananan ƙwayoyi ce masu jingine da juna, kuma dole ilektoron ya tsallaka daga wannan ƙwaya zuwa waccan.

A cikin iska mai tsabta, oksijin yakan sauka a kan fuskar ƙwayoyin masu zafi ya manne, kuma a wurin mannewar yakan fizge ilektoron daga jikin oksayid ya riƙe. Ta haka sai gefen kowace ƙwaya ya zama fayau, babu ilektoron masu yawo, kuma a mahaɗar ƙwayoyi biyu sai a sami shinge mai wuyar tsallakawa. Turjiya sai ta hau, lantarki kaɗan ne yake wucewa.

Idan butan ko metan ya iso, sai ya tarar da oksijin ɗin nan a manne a wuri mai zafi. Nan take su haɗu, gas ɗin ya ƙone a kan fuskar yanar ba tare da harshen wuta ba, ya zama tururin ruwa da iskar kabon dayoksayid. Oksijin da ya tafi dole ya saki ilektoron da ya riƙe, su koma jikin oksayid. Shinge ya yi ƙasa, turjiya ta faɗi, lantarki ya ƙaru. Gwargwadon yawan gas, gwargwadon faɗuwar turjiya. Wani ɗan sashen lantarki yana lura da wannan canji, da zarar ya kai iyakar da aka sa masa sai ƙararrawa ta kaɗa. Akasarin na'urorin gida an tsara su ne su yi kuka tun gas bai kai kashi ɗaya cikin biyar na iyakar kamawa ba. In gas ya wuce, sabon oksijin ya sake sauka, na'ura ta koma yadda take.

Abin da ya sa ake son yana marar kauri da ƙananan ƙwayoyi yana da misali a kasuwa. A ce 'yan tebur sun baje kaya a gefe biyu na hanya, kowane gefe ya ci taku biyu. In babban titi ne, masu wucewa ba za su damu ba, kuma ko an kwashe teburan ba za a ga wani bambanci ba. In kuwa lungun Kasuwar Barci ne mai faɗin taku huɗu, hanya ta toshe ke nan, kuma da an janye tebur ɗaya za a ga jama'a sun kwararo. Haka ƙwayar oksayid take: wurin da oksijin yake kwashe wa ilektoron zurfinsa 'yan nanomita ne kawai, don haka sai ƙwayar ta yi ƙanƙanta sosai kafin ya mamaye ta duka. A 1991 Noboru Yamazoe da abokan aikinsa a Kyushu suka nuna cewa kaifin oksayid ɗin kuza yana tashi ƙwarai idan girman ƙwayoyinsa ya sauko wajen nanomita 6. Ana kuma barbaɗa ɗan faladiyom ko filatinom a kai, domin waɗannan ƙarafa suna hanzarta haɗuwar gas da oksijin.

Ba kuza kaɗai ke wannan aiki ba. Oksayid ɗin tutiya da na tungistan da na indiyom suna bin hanya ɗaya. Na tagulla da na nikel kuwa akasin haka suke yi, turjiyarsu hawa take in gas mai kamawa ya zo.

Yadda ake shimfiɗa yanar

Hanyoyin suna da dama. A wata hanya ana sa dunƙulen sinadarin a cikin akwatin da aka zuƙe wa iska, a riƙa harbinsa da ƙwayoyin iskar argon masu caji, ɓarɓashinsa ya tashi ya sauka a kan gilashi. Wannan tana ba da yana mai kyau, amma injinta yana da tsada. A wata hanyar ana dama sinadarin ya zama ruwa mai ɗan kauri, a ɗiga a kan gilashin da ke juyawa da gudu har ya baje, sa'an nan a gasa. Hanyar da ta fi dacewa da ɗakin gwaji mai ƙaramin ƙarfi ita ce feshi: a narka gishirin kuza mai kulorin a ruwa ko barasar gwaji, a fesa a kan gilashin da aka zafafa zuwa wajen digiri 400. Kowane ɗigo in ya sauka sai ruwan ya ƙafe, gishirin ya rushe, oksayid ya zauna. Zafin gilashi, da ƙarfin ruwan, da tsawon lokacin feshi su ne ke ƙayyade kauri da girman ƙwayoyi. Feshin yana fitar da hayaƙin asid, saboda haka ba a yin sa sai a wurin da aka tanadar wa mazuƙar hayaƙi.

Daga baya aka fara ɗora yanar a kan ɗan mitsitsin murhu da aka sassaƙa a jikin silikon. Tsohuwar na'ura takan ci wajen miliwat 800 don ɗumama kanta, irin wannan sabuwa kuwa tana iya wadatuwa da ƙasa da miliwat 50, kuma tana yin zafi cikin ƙiftawar ido. Wannan ya sa ana iya kunna ta a kashe a kai a kai, batir ya daɗe.

Rauninta a yanayi irin na Kaduna

Babban raunin wannan na'ura shi ne ba ta iya bambance baƙi sosai. Duk iskar da za ta iya cin oksijin ɗin da ke manne tana iya motsa ta: turare, maganin sauro na feshi, tururin fetur, fenti, hayaƙi. In ƙararrawa ta cika kuka ba dalili, masu gida sukan gaji su cire ta, ranar da gas ya yi yoyo da gaske kuma babu mai faɗa. Masu ƙira suna rage wannan ta hanyar sa matatar gawayi a bakin na'urar, da zaɓen zafin da ya dace da gas ɗin da ake nema.

Na biyu shi ne laima. Tururin ruwa ma yana mannewa a fuskar oksayid ya canja turjiyarsa. A Kaduna laimar iska takan haura kashi 80 cikin 100 a watan Agusta, ta faɗi ƙasa da kashi 20 a tsakiyar hunturu. Na'urar da aka daidaita da damina tana iya ba da wani karatu dabam a Janairu, sai fa in an haɗa mata ma'aunin laima da zafi da zai gyara lissafin. Ƙurar hunturu da maiƙon suya kuma suna toshe ragar bakinta, sa'an nan tururin man silikon, irin wanda ke cikin wasu gam da man goge kaya, yana lulluɓe fuskar yanar ya kashe ta. Ko ba wannan, ƙwayoyin suna girma a hankali saboda zaman zafi, shi ya sa masu ƙira sukan ƙayyade wa na'urar gida wa'adi, galibi wajen shekara biyar.

Na uku shi ne wutar lantarki. Yana mai sanyi ba ta sansano komai. In an ɗauke wuta na'urar ta makance, in an dawo da ita kuma tana bukatar 'yan mintuna kafin ta daidaita. A unguwar da ake yawan ɗauke wuta, na'urar da ba ta da batir mai caji gadin rabin dare kawai take yi. Waɗannan matsaloli uku, laima da ƙura da wuta, tambayoyi ne da suka cancanci binciken masanan ƙasar nan, domin a nan aka fi sanin su.

Inda ake kafa ta, da abin yi in ta kaɗa

Tun da gas ɗin girki ƙasa yake bi, ana kafa na'urarsa kusa da daɓe, kamar santimita 30 daga ƙasa, 'yan taku kaɗan daga murhu, nesa da taga da wurin wanke-wanke. Metan kuwa ya fi iska sauƙi, sama yake tashi, don haka tasa na'urar kusa da rufi ake sa ta. Wannan bambanci zai ƙara muhimmanci a Kaduna, ganin cewa a Yunin 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, kuma bayan janye tallafin fetur a 2023 motoci da kekunan adaidaita sahu da dama sun koma amfani da metan da aka matse.

In ƙararrawa ta kaɗa ko an ji wari, kada a taɓa makunnin lantarki, ko don kunnawa ko don kashewa, kada kuma a kyasta ashana. A rufe kan tukunya, a buɗe ƙofofi da tagogi, a fitar da kowa waje, sa'an nan a kira masu kashe gobara daga nesa. Wurin yoyo da ruwan sabulu ake nemansa: a shafa a mahaɗar tiyo da kan tukunya, inda kumfa ta taso nan ne. Na'ura gargaɗi take yi, gyara kuwa na mai gida ne. Tiyon da ya tsattsage a canja shi, tukunyar da ta yi tsatsa ko ta lotsa a daina ɗura mata, kuma wurin da ya fi dacewa da tukunya shi ne inda iska take kaɗawa.

Kammalawa

Malamin fiziks ko kemistiri yana iya nuna wa ɗalibai wannan ƙa'ida da kuɗi kaɗan. Masu sayar da kayan lantarki suna da ƙananan na'urori na oksayid ɗin kuza, irin su MQ-2 da MQ-6, masu aiki da bolt 5. In sabuwa ce, a bar ta a kunne yini ɗaya ko biyu ta zauna, sa'an nan a haɗa ta da mitar auna lantarki. A fili, nesa da kowace wuta, malami ya saki ɗan gas daga laitar da ba a kyasta ba, ɗalibai su rubuta yadda karatun ya canja da daƙiƙu nawa ya ɗauka kafin ya koma. A maimaita da audugar da aka jiƙa da turare, a ga yadda na'urar take ruɗewa. In aka ajiye karatun iska mai tsabta kowane mako daga Agusta zuwa Janairu, ajin zai ga tasirin laima da idonsa.

Tudun Wada tana da abin da irin wannan aiki yake bukata. Babbar harabar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda ta faro a 1956 a matsayin makarantar koyon sana'a, a nan take, kuma ga maƙera da masu walda na Panteka kusa da ita. Ɗalibin da ya fahimci abin da ke faruwa tsakanin oksijin da ilektoron a kan yanar kuza, ya kuma koyi haɗa waya da ƙera akwati, ya kama hanyar yin ƙararrawa mai batir wadda za ta jure ƙurar hunturu, a farashin da mai shayi zai iya saya. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a sha'anin gas mintuna kaɗan na gargaɗi sun isa a rufe tukunya a fitar da yara waje.